Kunnen Katin Hadi

Guangzhou, ƙasar Sin,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Mas'uda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk mai kwana a gidan Yakasai. Ya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa soron nan da na sha hana ki. Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Hadi, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya kyautata namu ƙarshen.

Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ɗora ni kan mota. Alhaji Maidaji ne ke rubuta mini, mutumin Maraɗi, maƙwabcin ɗana Ghali, mai sayen takalma. Shi ne kuma zai rako gawar har Kano, daga hannunsa za ki karɓi wannan. Na ce ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya sa mata zuma. Na ƙi waya ne da gangan, domin a waya ba kya barina in kai aya, sai ki tare ni da kuka ko da faɗa, tun kina yarinya haka kike.

Ni jiki da sauƙi. Idon dama da aka yi wa aiki ya fara ganin haske da inuwar mutane, na hagu kuwa yana nan yadda kika san shi. Likita ya ce sun sa wata iska a cikin idon, in na hau jirgi kafin wata biyu zan rasa shi gaba ɗaya. Saboda haka za a binne ɗana ina nan zaune a hawa na shida, a gidan da injin hawansa ya mutu tun kafin in zo. Ghali yana lafiya, yana ƙoƙari gwargwadon hankalinsa. Abinci kuwa kada ma ki tambaya. Na ce a samo mini daddawa, kowane kanti aka shiga sai a ce meyo, wato babu. Ita ce kalmar da na fara koya a garin nan.

To, ga abin da ya sa na zaunar da bawan Allahn nan ya bar kasuwarsa. Ranar da Hadi ya rasu kin ce mini a waya, kowa na ji, na yi kwana goma sha tara gari ɗaya da ɗana na fari ban sa shi a ido ba, kuma taurin kaina ne ya raka shi kabari. Na ji kuma haka ake maimaitawa a zauren gida, har da waɗanda ba su kai a ba su ruwan alwala ba. Ban amsa miki ba a ranar. Yanzu zan amsa, ki sa a karanta miki har ƙarshe, sannan ki yanke mini hukuncin da kika ga dama.

Ke ba a haife ki ba, ko kina goye, lokacin da na bi motar alhazai na ƙare a Jidda. A zamanin nan ƙasarmu tana hannun Ingila, takardun alhazanmu duk a ofishinsu ake yi, kuma a nan na sami aikin tuƙa mataimakin ƙunsul, wato ƙaramin jakadansu, wani Bature siriri da muke kira Mai Tari. Shekara uku na yi da shi. Ku kuna ganin sarakunanmu ne suka san girma da matsayi. Wallahi waɗancan mutane sun fi su ƙididdiga. Ranar biki kowa zai sa fararen kaya masu maɓallan tagulla da takobi a kwiɓi, amma zaren zinaren da ke wuyan riga shi ke gaya maka ko wane ne: na babban ƙunsul faɗin yatsa uku, na maigidana yatsa ɗaya. In jirgin yaƙi ya zo gaɓa aka je gaisuwa, babba shi ne ƙarshen shiga kwalekwale, shi ne farkon fita. Ana buga masa igwa bakwai, maigidana ko ɗaya ba a buga masa, yana tsaye a rana yana ƙirga na wani, yana tari. A tebur an san wanda zai zauna dama da mai gida, an san wanda za a kai can kusa da ƙofar kicin. A mota kuwa, kusurwar baya, wadda take nesa da direba, ta babba ce. Kujerar gaba ta ɗan aike ce da mai riƙe jaka. Shekara uku ina buɗe wannan ƙofar ta baya ina sunkuyar da kai, ban taɓa sanin laushin kujerar ba.

Sai maganar kati, wadda ita ce gindin zancena. Kowane Bature yana da ɗan farin kati mai sunansa. In ƙarami zai gai da babba, ko baƙo ya sauka a gari, cikin kwana uku ake kai gaisuwa. In ka aiki direba da katin, a miƙe zai kai shi. In kuwa kai da kanka ka taka ka je ba ka tarar da mutum ba, sai ka lanƙwasa kunnen katin na sama ka bar shi. Wannan lanƙwasar tana nufin ƙafata ta zo ƙofarka. Daga nan gaisuwa ta sauka daga wuyanka ta koma wuyan mai gida, shi ma cikin kwana uku zai tako da ƙafarsa, komai zinaren da ke wuyansa. In ya ƙi, ya yanke zumunci, kuma shi ne mai laifi a gaban kowa.

Ban koyi wannan da daɗi ba. Ina sabon zuwa, wani ƙunsul na wata ƙasa ya zo muna bakin teku, ya bar katinsa a faranti. Na dawo na gan shi kunne a karye, na ce wane mara tarbiyya ne ya lalata takardar mutane. Na ɗauka na kai ɗakin guga na sa dutse mai zafi na miƙar da shi tas, ina jin na yi gwaninta. Mai Tari ya ga kati a miƙe, ya aike ni da nasa a miƙe. Shi ke nan. Mutumin nan bai ƙara yi wa maigidana magana ba har aka ɗauke shi daga garin, in sun haɗu a biki sai ya juya masa ƙeya, ga su da takubba kamar za a yi yaƙi. Da gaskiya ta fito, Mai Tari bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya sa ni tsayawa a tsakar ofis da katin a tafin hannu tun hantsi har azahar, duk wanda ya wuce sai ya tambayi dalili in faɗa da bakina. Wannan labari babu ɗana da bai haddace shi ba. Hadi ya fi kowa son sa. Yana ɗan shekara bakwai yakan yanki kwalin sukari ya lanƙwasa kunnensa ya tura ta ƙarƙashin ƙofar turakata, ya ɓuya, sai na tashi na je ɗakin uwarsu na mayar masa da gaisuwa. Marigayiya Ummu Salma takan ce na mayar da gidanta ofishin Nasara.

Yanzu ki gane abin da ya faru a bikin Ghali, shekara goma sha ɗaya ke nan, wanda har yau kuke cewa na yi fushi a kan kujera kamar yaro. Hadi ya zo da sabuwar mota, ya zo da ubangidansa na nan, wanda suke ce wa lauban. Za mu tafi ɗaurin aure, a ƙofar gida, unguwa duk ta fito. Ya buɗe wa baƙon kusurwar baya, ya zaga ya buɗe mini gaba, kusa da direba. Ya ce wai kujerar gaba tana ja baya, in miƙe ƙafata. Da wani ɗan ne ya yi sai in ce jahilci. Amma Hadi, wanda ya san komai? Na shiga na zauna. Muna kai shataletalen Dangi na ce direba ya tsaya, na sauka na hau acaɓa da babbar rigata. Kin zo washegari kin ce in yi haƙuri, yaro ne, kasuwancinsa a hannun mutumin yake. Na ce ya zo da kansa ya faɗa. Ya kira a waya, na ce ba na karɓar gaisuwar waya. Ya aiko da shadda da buhunan shinkafa, kin san inda na mayar da su, tunda a ɗakinki suka ƙare. Ya auri 'yar ƙasar nan, ta musulunta ya sa mata Saffana, a bakin mutane na ji. Ya daina zuwa gida, kuka ce takardunsa ne, ni na ce girman kai ne. A kan wannan har gobe ina nan a kan bakana: bai kyauta ba.

Da Ghali ya matsa in zo a duba idona, na yarda, kuma ba zan ɓoye miki ba, na san wanda ke garin. Ranar da na sauka na ce Ghali ya sanar da yayansa uban da ya haife shi ya iso, yana da kwana uku. Ghali ya yi ta 'yan kame-kame, wai Yaya ba ya jin daɗi, wai unguwarsa Tianhe da nisa. Na ce ni daga Kano na taso. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne Hadi shekara biyu ke nan ƙodarsa ta tsaya, sau uku a mako ake wanke masa jini. Shi ya rantsar da Ghali kada ya faɗa, wai ba ya so in zo don tausayi. Ke ma kin sani, Mas'uda. Maidaji ya ɗaga kai yana kallona, na ce ya rubuta. Kin sani kika yi shiru, kika bar ni na hau jirgi da fushina a cikin jaka.

Kwana na uku aka kai ni asibiti awon ido, muka yini can. Da muka dawo bayan la'asar, Ghali ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya ɗauki wani abu a ƙasa, ya ce katin Yaya Hadi ne, irin na 'yan kasuwa, da alama ya aiko yaronsa na shago. An ɗiga mini magani, ko tafin hannuna ba na gani. Ya miƙo mini, na naɗe hannuwana a cikin riga. Na ce na tsufa da karɓar katin ɗan aike, ya kai shi inda ya ga dama. Ya ce ko in taɓa ne. Na ce ya rufe mini baki. Sai ya jefa shi cikin jakar fasfo. Kwana na tara aka yi mini aiki. Na kwanta rub da ciki kamar yadda likita ya ce, ina sauraron matakala, duk takun da na ji sai in ce shi ne, sai ya wuce sama. Kwana na goma sha tara, da hantsi, waya ta yi ƙara, na ji Ghali ya yi salati a baranda.

Ban yi kuka ba, in kina so ki sani. Na ce Allah ya jiƙansa, ya mutu yana saɓa wa ubansa. Na faɗa a gaban mutanen da suka zo gaisuwa, 'yan Kano da 'yan Nijar cike da ɗaki. Matarsa ta zo za ta durƙusa, na juya fuska bango.

Bayan kwana biyar masu takardun gawa suka nemi fasfona, tunda ni ne uba. Na sa hannu a jaka ina lalube, sai yatsana ya faɗa kan katin. Mas'uda, ido yana iya mutuwa, yatsa ba ya mantuwa. Kunnen sama a lanƙwashe yake. Ba murɗewar ƙarƙashin ƙofa ba ce, lanƙwasa ce ta wanda ya sa farce ya danne ya bi ta sau biyu, daidai yadda na koya masa a kan kwalin sukari. Na kira Ghali na ce wa ya taɓa katin nan. Ya ce babu, haka ya tsince shi, shi ya zaci ƙofa ce ta karya shi. Ya rantse Yaya ba zai iya hawa shida ba, mutumin da bayi ma sai an riƙe shi. Na zage shi, na zagi makarantar da ya yi, na ce duk a ɗaki ɗaya na ba su labarin nan, shi ina kunnensa yake. Ya tsaya yana hawaye da gemunsa. Har yanzu ban huce da shi ba, ko da yake ni ne na ƙi miƙa hannu.

Maidaji ne ya sauka ya tambayi tsohuwar da ke sayar da sigari da ruwa a bakin matakala, shi yana jin yarensu. Ta ce ta tuna sarai. Wani baƙin mutum mai kumburarrun ƙafafu ya sauka daga tasi da farar riga, ya hau yana zama a kowane hawa, tana jin numfashinsa daga ƙasa. Ta miƙa masa kujera ya ƙi, ya ce mata sheshe, wato ya gode. Ya fi awa kafin ya sauko.

Shekaranjiya na ce a kai ni gidansa. Saukowa hawa shidan nan Maidaji da Ghali ne suka riƙe ni, na kuma ƙirga matakalar, tasa'in da shida ce. Saffana ta buɗe mana. Hausarta kaɗan ce, amma ta Hadi ce, har da yadda yake jan magana. Ta ce ranar nan ta hana shi fita, ya ce dokar Baba kwana uku ce, yau ce ta ƙarshe, kuma ba a aike. Ya dawo ƙafafunsa ba sa shiga takalmi, amma yana dariya, ya ce mata ya sauke nasa, yanzu saura Baba, kuma Baba ko zai saɓa wa duniya ba ya saɓa wa wannan doka. Kwana uku yana yin wanka bayan azahar ya sa kaftani ya zauna a falo. Ranar wankin jini ma ya roƙi a yi masa da sassafe don kada in zo ba ya nan. Ya sa ta sayo sabuwar kujera ta ajiye tana fuskantar ƙofa, wai a al'adarsu nan ne mazaunin babba. Ta nemo gero har wajen 'yan Nijar ta koyi dama kunu. A rana ta huɗu ya ce ta mayar da kofuna, Baba ya ba da amsa. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya cika.

Kujerar tana nan, ko ledarta ba a cire ba. Ta ce in zauna. Ban zauna ba. Na zo mayar da gaisuwa ne ban tarar da mai gida ba, kuma na san abin da ake yi. Ni ba ni da kati, ban taɓa yi ba, direba ba ya da kati. Sai na ciro na asibiti, wanda ke da sunana da rubutunsu da ba na iya karantawa, na lanƙwasa kunnensa na ajiye a kan kujerar. Ghali ya ce za a nema ranar komawa ganin likita. Na ce su nema.

To ga amsarki. A kan mota, ina da gaskiya, kuma ko a gaban wa zan faɗa. A kan ɓoye mini ciwonsa, ke da Ghali kuna da naku kason, ban yafe ba tukuna. Amma yaron nan ya zo ƙofata cikin kwana uku da ƙafarsa. Bisa dokar da ni na ɗauko daga Jidda na shigo da ita gidana, ba wanda ya roƙe ni, gaisuwa ta koma wuyana, kuma ni ne ban mayar ba. Duk wanda ya ce a zaure Hadi ya mutu yana saɓa wa ubansa, ki ce ubansa ya ce ƙarya ne, ko da kuwa daga bakina aka ji. Ki sa liman ya faɗa kafin a yi masa salla, da ƙarfi, yadda na sahun baya za su ji: na yafe masa duniya da lahira, kuma shi ne ya riga ni kai gaisuwa. Ba na neman ki tausaya mini. Turawan nan sun tattara sun tafi ƙasarsu tun ina saurayi, takubbansu ma na san sun yi tsatsa, ni kaɗai na rage ina tsaron ƙofarsu.

A binne shi kusa da uwarsa in akwai wuri. Kada a bar mini gurbi a sahu, a cike shi. Saffana ta ce in ta gama takaba tana so ta zo ta ga kabarin. In ta zo, a ɗakin Ummu Salma za a sauke ta, ba a ɗakin baƙi ba, kuma kada in ji an tsaya kallonta ana dariyar Hausarta.

Ki gai da mijin 'yarki Ibrahim Khalil, ki ce na gode da zirga-zirgar filin jirgi, ko da yake har yau bai dawo mini da rediyona ba. Ki gai da Habsatou da yaranta, da Sharfaddeen in ya dawo daga Zariya, da Malam Abdulmumini liman, da duk wanda ya tako gaisuwa. Waɗanda suka aiko ba su zo ba, ki amsa musu kawai, na daina ƙirgawa. Ghali yana gaishe ki. Maidaji ma, ki sa a yi masa tuwo mai kyau, ya sha wahalata.

Gobe da safe za a ɗauko Hadi daga inda aka ajiye shi zuwa filin jirgi. Ghali ya ce in zauna a gida saboda matakala, ko in bi su a tasi. Na ce a'a, motar gawar zan shiga. Shi za a sa a baya, ni zan buɗe masa ƙofar da hannuna, har yanzu na iya. Sannan in zaga in zauna gaba, kusa da direba.

Wassalam.

Yayanki,
Abdulbaƙi Direba